Waiwaye: Gawon da ke gonar Maraɗi, na wa ne?

Duk lokacin da aka taso da zancen Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wato shirin ƙasashen Afirka na tare hamada da bishiyoyi a yankin Sahel, sai ka ji ana cewa manomi ba ya shiga aikin kare daji da wuraren kiwo sai ya ga kuɗi ko buhun hatsi. Wannan gardama tsohuwa ce, kuma an riga an gwada ta a Maraɗi.

Farin 1973 da na 1984 kowa ya san su. An yi ta dashe, yawancin shukar ta bushe, saura awaki suka cinye. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin, ya lura cewa tohon da ake sharewa kowace bazara daga kututture mai rai yake fitowa. A bar reshe biyu ko uku, a datse sauran: sassaben zamani ke nan. Da yunwa ta zo aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka shiga. Abincin na ƙarewa, da yawa suka sa gatari.

A nan masu cewa "sai da kuɗi" suke tsayawa. Abin da ba su cika tambaya ba shi ne, bishiyar ta wa ce? Tun dokar daji ta 1935, zamanin Faransa, itatuwa irin su gawo ba mallakin mai gona ba ne, ko da a tsakiyar geronsa suka tsiro. Ka sare reshe don gyaran rumbu, kana iya biyan tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa magana? Sai mutum ya tumɓuke tsiron tun yana ɗan tsito, ya huta. A ganina wannan lissafi ne na mai hankali.

Da riƙon dokar ya sassauta, aka kuma yi dokar karkara ta 1993, sai lissafin ya juya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa kuma zangarniya ta fi kauri. Da rani 'ya'yansa abincin tumaki ne, har a kasuwa ana sayarwa. Matar da ke wuni neman itace ta samu a bayan gida. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya, ba wanda ya biya shi.

An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili hekta miliyan 5 da bishiya kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Takardar gwamnati da ta fito fili ta ce bishiyar ta wanda ya rene ta ce, sai a 2020 aka sa mata hannu.