Amsa-amo a Waƙar Ingilishi da Kalmomin da Ake Bayaninsa da Su

"Rhyme" ita ce kalmar da ake kiran amsa-amo da ita a Ingilishi, wato dacewar sautin ƙarshen kalmomi, musamman a ƙarshen ɗangogin waƙa. Daga tsohon Faransanci aka aro ta, kuma "rime" aka daɗe ana rubutawa a Ingila, sai daga baya masu ilimi suka danganta ta da "rhythm" mai tushen Girkanci, suka ƙara mata haruffan da take ɗauke da su yau. Ma'anarsu kuwa daban: "rhythm" kari ne, hawa da saukar murya a tsawon ɗango, "rhyme" kuma haɗuwar sauti.

Wanda ya saba da rubutacciyar waƙar Hausa zai iya ruɗewa a nan. A wurinmu, in gaɓar ƙarshe ta dace, kamar a ce kowane baiti ya ƙare da "na" ko "ri", ƙafiya, wato amsa-amo, ta tsaya. A Ingilishi hakan bai isa ba. Kowace kalmarsu tana da gaɓar da ake ɗora wa ƙarfin murya, kuma daga wasalin wannan gaɓa ake fara lissafi har zuwa ƙarshen kalma. Shi ya sa "light" da "night" suke amsa wa juna, haka "nation" da "station", amma "happy" da "city" ba sa yi, ko da yake da sauti ɗaya suka ƙare, domin ƙarfinsu yana gaɓar farko, can kuma sun saɓa. Akwai sharaɗi na biyu: baƙin da ya zo kafin wasalin ya bambanta. Kalmomi irin "bear" da "bare", masu furuci iri ɗaya sak, mawaƙan Faransa na yaba haɗa su, na Ingila kuwa sun fi ɗaukar hakan rauni. Wannan ƙa'ida ta ƙarfin murya ita ce mabuɗin sauran kalmomin fannin. Wanda bai riƙe ta ba zai haddace sunaye ne kawai.

In amsa-amon ya faɗa kan gaɓar ƙarshe mai ƙarfi, sunansa "masculine rhyme". In wata gaɓa mara ƙarfi ta biyo baya, kamar a "nation", sai a ce "feminine rhyme". Sunayen na namiji da mace daga nahawun Faransanci suka fito, inda kalmomin jinsin mace kan ƙare da wasalin da ba a cika furtawa ba. Ba su da alaƙa da jinsin mawaƙi.

Mafi ban sha'awa shi ne "eye rhyme", amsa-amon ido: kalmomin da suka dace a rubuce, suka saɓa a baki, kamar "love" da "move". Da yawansu ba laifin mawaƙi ba ne, harshen ne ya sauya. Tsakanin wajen 1400 da 1700 furucin dogayen wasulan Ingilishi ya gusa ƙwarai, rubutu kuwa ya tsaya kusan inda yake. Shakespeare ya rufe wata waƙarsa da "proved" da "loved", Alexander Pope kuma a farkon ƙarni na 18 ya haɗa "tea" da "obey". A kunnen mutanen zamaninsu sun dace. Saboda haka masu nazarin tarihin harshe ke komawa ga tsofaffin waƙoƙi don gano yadda ake furta kalmomi a da.

Ingilishi matalaucin harshe ne ta fuskar amsa-amo in an kwatanta shi da Italiyanci ko Larabci. "Orange", "month" da "silver" ba su da abokan amsawa a cikin kalmomin yau da kullum, "love" da mawaƙa ke yawan bukata 'yan kaɗan gare ta. Don haka ɗaukar ƙafiya ɗaya daga farkon doguwar waƙa har ƙarshenta, yadda ake yi a ƙasidar Larabci da waƙoƙin Hausa, abu ne da ba a saba gani ba a can. Sai su riƙa sauyawa, suna nuna tsarin da haruffa: aabb, abab, da sauransu, abin da suke kira "rhyme scheme". Talaucin nan ne kuma ya buɗe ƙofar "half rhyme" ko "slant rhyme", inda sautin ya kusa dacewa bai cika ba. Emily Dickinson ta Amurka ta yi fice a kansa, haka Wilfred Owen, wanda aka kashe a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Shi yakan riƙe baƙaƙe ya sauya wasali, sai mai sauraro ya ji wani abu bai daidaita ba, daidai da yanayin yaƙin da yake waƙe.

Amsa-amo ma baƙo ne a asali a waƙar Ingilishi. Waƙar tsohon Ingilishi, irin Beowulf, da "alliteration" take tafiya, wato maimaita sautin farkon kalmomi a cikin ɗango. Ta hanyar waƙoƙin coci na Latin da adabin Faransanci ne ƙafiyar ƙarshe ta kafu, musamman bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kuma zuwa rasuwar Geoffrey Chaucer a 1400 ta zama 'yar gida. Ba kowa ya so ta ba. A ƙarni na 16 mawaƙin Ingila Henry Howard ya fara amfani da "blank verse", ɗango mai gaɓa 10, mara ƙarfi na bin mai ƙarfi bi da bi, ba tare da amsa-amo ba. Da shi Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa, da shi John Milton ya yi Paradise Lost a 1667, har ya bayyana ƙafiya a matsayin ƙangi. Kada a haɗa shi da "free verse": shi wannan ya saki ma'auni da amsa-amo duka, "blank verse" kuwa ma'auninsa na nan daram.

"Verse" kanta kalma ce mai fuska da yawa. Takan nufi ɗango ɗaya, ko baiti, ko waƙa gaba ɗaya a matsayin kishiyar zube, ko ayar littafin addini. Tushenta Latin ne, "versus", juyawa, kamar yadda garma ke juyowa in ta kai ƙarshen kunya. "Stanza" baiti ne, daga Italiyanci, inda take nufin ɗaki ko wurin tsayawa. "Couplet" ƙwar biyu ce, "quatrain" ƙwar huɗu, "sonnet" kuma waƙa mai ɗango 14 da ta shigo daga Italiya. Na Shakespeare guda 154 an buga su a 1609, kusan dukkansu baitoci uku masu ƙwar huɗu ne sannan ƙwar biyu ta rufe.

A wajen adabi, "nursery rhyme" waƙar yara ce ta reno da wasa. Talakawan gabashin Landan kuma tun ƙarni na 19 suna da zaurancen da ake kira "rhyming slang": maimakon "stairs", matakala, sai su ce "apples and pears", wani lokaci ma su yar da rabin da ke amsawa su bar "apples" kaɗai, yadda baƙo ba zai gane ba.