Jirin da ba na taifod ba ne

Jama'a, yawancinmu a Kano da alamomi biyu muka san shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa su mutu. To, akwai nau'in da yake zuwa babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma shi ne ake yawan kwana da shi a gida. Dattijo mai hawan jini ya miƙe zai yi alwala, ɗaki ya kama juyawa da shi, ya yi ta sheƙa amai, ya kasa tsayuwa. Sai a ce taifod ne, a aiki yaro kemis, a kira mai sa ruwa, alhali jini ne ya daina isa ƙeya.

Ku ɗora tafin hannu a ƙeyarku, daidai inda hula take ƙarewa. A ƙarƙashin ƙashin nan ƙaramar ƙwaƙwalwa take. Nauyinta wajen giram 150 ne, kashi ɗaya cikin goma na ƙwaƙwalwa ke nan, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Aikinta saita motsi: ita take kai loma baki ba kumatu ba, ita take riƙe mutum a ruku'u bai kifa ba. Wani likita ɗan ƙasar Ailan, Gordon Holmes, ya duba sojojin da harsashi ya sama a ƙeya lokacin yaƙin duniya na farko, ya rubuta sakamakonsa a 1917. Ya ga suna motsa gaɓoɓinsu, amma hannu ya kan zarce abin da aka nufa, kuma matsalar tana ɓangaren da raunin yake. Shi ya sa mai wannan ciwo zai damƙi hannunka da ƙarfi, ka ce lafiyarsa lau.

A gabanta kuma akwai kututturen ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, tsawonsa bai wuce na yatsa da yawa ba. Numfashi, bugun zuciya, haɗiya, motsin ido da farkawa duk a nan ake sarrafa su. Jijiyoyin jini biyu ne suke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya, su haɗe su zama ɗaya, su shayar da wuraren nan biyu. Cikin shanyewa biyar da toshewar jijiya take jawowa, kusan ɗaya a nan take faruwa. Hawan jini, ciwon sukari, taba da shekaru su suke lalata jijiyoyin.

Ba kowane jiri ba ne shanyewa. Wanda yake tasowa idan an juya a kan gado, ya lafa kafin minti ɗaya, mutum ya tashi ya yi tafiyarsa, galibi daga cikin kunne yake. Abin tsoro shi ne wanda ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya. A nan sai ku gwada shi, gwajin ba ya cin minti biyu. Ku zaunar da shi bakin gado ba jingina, ku ga ko yana rinjaya gefe guda. Idan ya iya zama, mutum biyu su tsaya a gefensa ya taka, ku lura ko yana tangaɗi yana ware ƙafa kamar wanda ya sha ya bugu. Ya taɓa hancinsa da yatsa, sannan ya taɓa yatsanka, dama da hagu. Ku sa shi magana ku ji ko harshe ya yi nauyi ko murya ta dishe, ku tambaye shi ko yana ganin abu biyu-biyu. Shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ƙwarewa da yawu, ciwon ƙeya mai tsanani, ko dindiris a rabin fuska tare da ɗaya ɓangaren jiki, kowanne ɗaya ya isa a nemi mota. Wanda ya kasa zama ko tsayuwa shi kaɗai, kada ku jira wata alamar.

Wani babban kuskure mai kashewa a gida shi ne ɗura. Idan kututturen nan ya taɓu, maƙogwaro ba ya rufe hanyar iska da kyau, ruwa ko kunu sai ya gangara huhu, bayan kwana biyu a shiga jinyar ciwon huhu. Addu'a a yi ta tun daga gida har asibiti, amma rubutun sha a ajiye shi sai likita ya gwada haɗiya. Kada a ba shi asfirin, domin idan jijiyar fashewa ta yi ba toshewa ba, ƙara zubar jinin zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa a asibiti kaɗai yake bambance su. Kada kuma a ninka masa maganin hawan jini don an ga awo ya hau. Faɗuwar jini da sauri tana ƙara hana wurin jini. Idan akwai abin awon sukari a auna, don saukar sukari ma tana kwaikwayon wannan ciwo. A kwantar da shi ta gefe saboda amai.

A nufi sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, da duk magungunansa a leda. Wanda zai raka shi ya riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya, misali bayan sallar la'asar, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.

Hoton ƙwaƙwalwa da ake kira siti sikan, na ranar farko, yana iya fitowa fes, saboda ƙashin ƙeya mai kauri yana dusashe wurin. Kada wannan ya sa ku matsa a sallame shi. Ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikin matsattsen wuri take, kuma kumburinta ya fi tsanani daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Idan ta kumbura sai ta danne kututturen da yake riƙe numfashi. Mai jinya ya riƙa tashinsa yana yi masa magana. Idan barci ya fara rinjayarsa, ko amsarsa ta zama magagi, a kira nas nan take ko da tsakar dare ne, domin a wannan gaɓar tiyatar sassauta matsin tana iya ceton rai.