Waiwaye: Yadda Fuskar Mace Ta Sauya a Zanen Viyana, 1903 zuwa 1918

Tun da kyamara ta iya fitar da kamannin mutum cikin ƙiftawar ido, masu zanen Turai suka shiga neman abin da hoto ba zai iya nunawa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu suka kama salon alama, inda kowane ado da launi ke ɗauke da ma'ana. Bayansu wasu suka zo da salon bayyana zuci, su kuma suna karkata jiki, suna sauya launin fata don a ga halin da rai ke ciki. A Viyana, babban birnin Ostiriya, an ga wannan sauyi ƙarara a hotunan mata.

Gustav Klimt, ɗan maƙerin zinariya, ya je Ravenna a Italiya a 1903, ya ga bangon cocin San Vitale da aka yi wa ado da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya. A shekarar ne attajirin sukari Ferdinand Bloch-Bauer ya ba shi aikin zana matarsa Adele. Sai 1907 ya kammala, bayan zanen gwaji sama da 100. Faɗinsa da tsawonsa santimita 138 ne. Fuska, kafaɗu da hannuwa kaɗai aka yi da fenti mai mai yadda ido ke ganinsu; rigar da kujerar sun narke cikin fallayen zinariya da azurfa. A jikin rigar akwai siffofin idanu, da haruffan A da B na sunanta, waɗanda aka tayar da kwaɓin alli da gam kafin a lulluɓe su.

Aikin zinariyar na da wuyar sha'ani. Ana shafa gam, a jira ya yi danƙo. In an ɗora fallen gam na da jiƙa, ƙyallinsa ya mutu. In ya bushe da yawa, ba zai kama ba. Azurfa kuma takan yi baƙi idan iska mai sinadarin farar wuta ta daɗe tana taɓa ta. Ƙyallen da aka yi zanen a kansa yana miƙewa da danshi, ya tsuke da bushewa, alli kuwa ba ya miƙewa, don haka yake tsagewa. Shi ya sa gidajen tarihi ba sa son yawo da irin waɗannan zane.

Kyawun aikin ba ya ɓoye rauninsa: ma'anar tana cikin adon, ita Adele ta kusa ɓacewa. Matasan da suka biyo baya nan suka sa hannu. A 1909 Oskar Kokoschka ya zana Erica Tietze-Conrat da mijinta Hans da fenti siriri, yana kankare shi da farce, har hannuwansu suka fi fuskokinsu magana. Egon Schiele, wanda Klimt ya taimaka wa, ya zana budurwarsa Wally Neuzil a 1912 a kan ƙaramin katako: farin fili, baƙar riga, kai a sunkuye, manyan idanu shuɗɗa. Babu zinariya ko ɗigo. Haɗarin wannan salo shi ne mai zane ya ɗora damuwarsa a jikin matar, mai kallo ya ɗauka tata ce.

Masu saye ba su karɓe shi da sauƙi ba. A 1918 gidan tarihin Belvedere ya sayi zanen Edith, matar Schiele, amma ana cewa sai da Schiele ya sake fentin siket ɗinta mai launuka da yawa ya mayar da shi duhu. A shekarar Klimt ya rasu a watan Fabrairu, annobar mura ta kashe Edith da Schiele a Oktoba, kwana 3 tsakani.

'Yan Nazi sun ƙwace zanen Adele bayan 1938 saboda iyalin Yahudawa ne. Sai a 2006 aka mayar wa Maria Altmann, 'yar ɗan'uwan Ferdinand, da sauran magada, aka sayar da shi dala miliyan 135, yanzu yana Neue Galerie a New York.