Zarton inji: hanyoyin aiki da shi cikin kiyayewa

Zarton inji na'ura ce ta yankan itace wadda injin fetur ko na lantarki ke juya mata sarƙa mai haƙora a kewayen wani dogon ƙarfe mai faɗi, wato ruwan zarton. Andreas Stihl na ƙasar Jamus ya ƙera samfurin lantarki a 1926, sa'an nan na fetur a 1929, kuma a 1947 Joseph Cox, wani mai saran itace a Amurka, ya fito da sarƙa mai lanƙwasassun haƙora wadda har yau ake ƙera ire-irenta. Sarƙar kan yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, saboda haka kafin mai aiki ya ankara da kuskurensa, sau da yawa aikin gama ya gama.

Babban haɗarin na'urar shi ne harbin baya. Idan ɓangaren sama na bakin ruwan zarton ya taɓa wani reshe ko ƙusa, ko kuwa itace ya matse sarƙar, sai ruwan ya tashi sama da ƙarfi ya nufo fuska da kafaɗar mai riƙe da shi. Domin haka aka sa wa zarton birkin sarƙa a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da ita nan take. Sai dai birki rage ɓarna kawai yake yi. Abin da ke hana harbin shi ne riƙo da hannu biyu, da zagaya babban yatsan hagu a ƙarƙashin mariƙin gaba, da tsayawa kaɗan a gefen layin yanka, da ƙin ɗaga zarton sama da kafaɗa. Ana tayar da injin ne a ƙasa, birki na kame. Kayan kariya sun haɗa da hular kwano mai ragar fuska, da abin toshe kunne, tun da ƙarar kan haura desibel 100, da takalma masu ƙarfe a baki, da wando na musamman mai zaruruwa a ciki, waɗanda ke warwarewa su cushe injin idan sarƙa ta taɓa su.

Kayar da bishiya

Kafin a sa zarto, ana duba inda bishiyar ta karkata, da yadda iska ke kaɗawa, da busassun rassan da ke iya faɗowa, da wayoyin lantarki. Ana nisanta mutane da aƙalla ninki biyu na tsawon bishiyar, a kuma share hanyar tsira ta baya, a karkace da kusan digiri 45 daga layin faɗuwa.

Da farko ana yanke baki mai siffar V a gefen da ake so ta faɗa, zurfinsa daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na kaurinta. Daga nan sai a koma baya a yi yanka a miƙe, a kan tsayin bakin ko sama da shi kaɗan, amma ba a haɗe yankan biyu. Ana barin wani zirin itace a tsakani, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurin, kuma shi ne ke aiki kamar hinjin ƙofa, yana riƙe da bishiyar yana yi mata jagora har ta kai ƙasa. Wanda ya yanke wannan ziri ya saki linzami ke nan, bishiyar sai inda ta ga dama. Idan ta zauna a kan ruwan zarton, ana buga weji, wato abu mai tsini da ke buɗa tsaga, na roba ko na alminiyum a cikin yankan, ba na ƙarfe ba, gudun kada ya lalata haƙora. Bishiyar da ta sunkuya sosai kuwa tana iya tsagewa a tsaye tun ba a gama ba, gindin ya yi sama da ƙarfi, shi ya sa irinta ta fi dacewa da ƙwararru.

Sassabe rassa da yanka gungume

Bishiyar da ke kwance ba ta rabu da haɗari ba, domin nauyinta yana danne wasu rassa, kuma reshen da ya tanƙware kamar baka yakan fyaɗo da zarar an sake shi. Ana fara sassabe daga gindi zuwa sama, a bar rassan da suka tallabe gangar jikin sai daga baya, kuma a kan gangare mai aiki yakan tsaya ta wajen tudu.

Wajen yanka gungume, abin lura shi ne gefen da itacen yake matse da gefen da yake miƙe. Gungumen da ke ɗore a kan ƙarshensa biyu samansa ne a matse, don haka ana fara yanka kusan sulusinsa daga sama, a ƙarasa daga ƙasa. Wanda ke reto ta gefe ɗaya kuwa ana fara masa daga ƙasa, a ƙarasa daga sama. In aka juya wannan tsari, yankan zai rufe ya kama zarton. Ana kuma kiyaye kada sarƙar ta taɓa ƙasa, domin yashi yana dakusar da ita cikin ƙiftawar ido, kuma alamar dakushewa ita ce a ga tana fitar da gari mai laushi maimakon manyan ɓarɓashi, har mai aiki ya fara danna zarton da ƙarfi.