Waiwaye: Yadda Sanƙarau da Shan Inna Suka Koya Mana Haɗa Hannu a Kan Annoba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Sakkwato a shekarar 1996 yana tune da bazarar da sanƙarau ya ratsa Arewa. A Najeriya kaɗai mutane fiye da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. A ɗaukacin yankin da cutar ta saba yi wa ɓarna, daga Senigal zuwa Habasha, an ƙiyasta masu kamuwa sun kai 250,000. Allurar rigakafin da duniya ta tanada ta ƙare tun annobar ba ta lafa ba, kuma babu wata inuwa guda da za ta tsara wa za a fara kai wa abin da ya rage. Wannan ne ya sa a watan Janairun 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, da tarayyar ƙungiyoyin agaji na Red Cross suka kafa kwamitin ICG, wanda ke riƙe da rumbun rigakafin gaggawa, yake kuma yanke hukunci a kan buƙatar kowace ƙasa cikin kwana biyu.

Annobar ta bar wani tabo da bai warke da wuri ba. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200 a Kano, lamarin da ya jawo shari'a ta shekaru. Da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, iyaye da yawa wannan labari suke kawowa a matsayin hujja, kuma duk mai adalci ya san tsoronsu yana da tushe. Kafin Kano ta dawo da aikin a watan Yulin 2004, ƙwayar cutar ta riga ta tsallaka iyaka, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya. Masu ba da tallafi suna da kuɗi da magani da motoci, amma mai gidan da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa ba a nemi shawararsa ba tun farko.

A daidai wannan lokaci, bayan cutar SARS ta 2003, ƙasashen duniya suka sabunta Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a watan Yunin 2007. Dokokin sun wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 idan ta tantance cewa wata cuta na iya ƙetare iyaka.

Gyaran da ya fi tasiri a wurinmu, a ganina, daga fada ya fito. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar na uku. Daga nan saƙo ya riƙa bin hanyar da jama'a suka sani tun kaka da kakanni: daga sarki zuwa uban ƙasa, daga uban ƙasa zuwa hakimi, daga hakimi zuwa mai unguwa, liman kuma ya ƙara da bayani bayan salla. Ungozoma da wanzami, waɗanda su ne ke fara sanin an yi haihuwa a gida, suka shiga cikin masu kai rahoto. Magidancin da zai iya korar baƙuwar ma'aikaciya daga ƙofar gidansa yakan ji nauyin mai unguwar da suke haɗuwa sahu ɗaya a masallaci. A 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna a Abuja, sannan aka yi irinta a wasu jihohi har da Sakkwato, inda jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin waje ke zama ɗaki ɗaya, suna duba alƙaluma iri ɗaya, ƙarƙashin shugabancin gwamnati. Wannan tsari ne aka ara a Legas lokacin da Ebola ta shigo a watan Yulin 2014, aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas daga ciki suka rasu. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sai dai sanƙarau ya dawo ya nuna inda baraka take. Rigakafin MenAfriVac da aka fara bayarwa a Najeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, amma a 2013 aka gano wani sabon samfurin nau'in C a jihar Sakkwato. A ƙarshen 2016 ya ɓarke a Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, inda aka ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A nan ya kamata mai karatu ya fahimci yadda aikin ke tafiya. Kwamitin ICG ba ya sakin rigakafi sai an nuna masa nau'in ƙwayar da ke yawo, hakan kuwa ba ya samuwa sai an ɗebi ruwan ƙashin bayan majinyaci, an kai shi ɗakin gwaji bai lalace ba. Idan asibitin ƙauye ba shi da wanda ya iya ɗibar ruwan, ko babu motar kai shi, to duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Janeba ta tsaya cik a wannan ƙauye. An yi makonni kafin rahoto ya kai inda ya dace, rigakafin nau'in C kuma ya yi ƙaranci a duniya. Abin takaici ne matuƙa, domin cuta ce da aka san lokacin zuwanta kowace shekara.

An samu ci gaba bayan haka. A watan Nuwamban 2018 aka sa hannu a kan dokar da ta ba hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, cikakken iko, a 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau a allura guda. A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da yarjejeniyar tunkarar annoba. Amma a shekarar ce Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma rushe hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje, wato USAID, alhali ɗimbin ayyukan sa ido a kan cututtuka a Arewa da kuɗin waje suke tafiya.

Wannan ya dawo da nauyin kan jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta 23. Hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni ba ta rabuwa da fatake da makiyaya, don haka musayar rahoto da jami'an lafiyar Nijar tilas ce, ko da dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami. A gabashin jihar kuwa, wajejen Isa da Sabon Birni da Goronyo, rashin tsaro ya kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka da dama, kuma a irin waɗannan wurare hakimi da liman ne kaɗai suka rage da za su iya aiko da labari idan yara sun fara sanƙarewar wuya.