Ma'anar Hamam: Gidan Wankan Jama'a na Turkiyya da Matsayinsa a Wurin Matafiyi

Duk wanda ya ratsa ƙasar Turkiyya a motar safa ko a jirgin ƙasa zai riƙa cin karo da wani irin gini a tsoffin unguwanni, galibi kusa da masallaci ko kasuwa, mai kaurin bango da gajerun ƙubbobi waɗanda aka huhhuda aka liƙa musu ƙananan gilasai. Wannan gini shi ake kira hamam, wato gidan wanka na jama'a, inda mutum yake biyan kuɗi ya shiga ɗakuna masu ɗumi, ya zauna har gumi ya karyo masa, sannan a cuɗe shi a wanke shi tas. Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ke nuna zafi, kuma alhazai sun san ta a Makka da Madina da ma'anar ban ɗaki; amma a Turkiyya ban ɗaki yana da sunansa daban, hamam kuwa wurin wanka ne kawai. Kada kuma kamar lafazi ta sa a rikita ta da hamami na Hausa, domin hamam wurin kawar da hamami ne.

Rumawa ne suka shahara da gina manyan gidajen wanka na jama'a, kuma da Musulmi suka shiga Sham sai suka tarar da wannan al'ada, suka karɓe ta, suka daidaita ta da bukatun tsarki. Babban abin da ya sauya shi ne tafkin da Rumawa suke shiga su jiƙa a ciki, domin an ga ruwan da ya tsaya wuri ɗaya jama'a suna tsunduma cikinsa bai dace da wankan tsarki ba. Saboda haka a hamam ruwa zubowa yake yi daga famfo zuwa wani ɗan kwarami na dutsen marmara da ake kira kurna, mutum ya kamfata ya kwara a jikinsa da ƙaramin kwano mai suna tas, wanda asalinsa ɗaya ne da tasa ta Hausa. Bayan da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ci Istanbul a 1453, sai ya zama da wuya a gina babban masallaci ba tare da hamam a gefensa ba, kuma kuɗin da masu wanka suke biya wakafi ne da ake riƙe masallaci da makaranta da gidan ciyar da talakawa da shi. Shahararren magini Mimar Sinan ya gina hamam na Hurrem Sultan, matar Sarki Sulaiman, a 1556 daura da babban masallacin Ayasofiya a Istanbul, ya kuma gina na Cemberlitash a 1584 bisa umarnin Nurbanu Sultan, mahaifiyar Sarki Murad na Uku. Na Jagaloglu kuwa an gina shi a 1741 a zamanin Sarki Mahmud na Ɗaya domin ya samar wa ɗakin karatu na Ayasofiya kuɗin shiga. Dukkan ukun suna aiki har yau.

Wanda bai taɓa shiga ba yakan ɗauka ɗakin tururi ne guda ɗaya, alhali tsarin hawa-hawa ne. Ɗakin farko, jamekan, fili ne mai sanyi da tsawon rufi, sau da yawa da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, kuma a nan ake ba baƙo ɗan ɗakin tuɓe kaya da wani siririn zane na auduga mai suna peshtemal wanda zai ɗaura a ƙugu, da takalman katako ko na roba saboda santsi da zafin daɓe. Daga nan sai ɗaki mai ɗan ɗumi inda jiki yake sabawa, sannan ɗakin zafi, wanda shi ne zuciyar ginin. A tsakiyarsa akwai wani faffaɗan dakali na marmara mai ɗumi, gobek tashi, ma'ana dutsen cibiya, kuma wanda ya kwanta rigingine a kansa zai ga haske yana saukowa tsiri-tsiri daga gilasan ƙubba, waɗanda Turkawa suke kira idon giwa, yayin da ƙarar tasa a jikin dutse da zubar ruwa suke amsa kuwwa ta ko'ina. A kusurwoyi akwai ƙananan ɗakuna na wanda yake son keɓewa, sunansu halvet, kalmar da take 'yar uwa ga halwa da malamanmu suke shiga.

Idan gumi ya jiƙa fata sosai sai ma'aikacin wurin ya zo, tellak a ɓangaren maza, natir a ɓangaren mata, sanye da wata safar hannu mai kaushi da ake kira kese. Yakan fara daga kafaɗa ya gangaro baya da hannuwa da ƙafafu, yana gurzawa da ƙarfi, har matacciyar fata da dauɗa su riƙa murzowa kamar zaren taliya, abin da yake ba mutum kunya ko da kuwa kullum yana wanka da soso da sabulu. Bayan haka sai ya tsoma wata jakar yadi a ruwan sabulu, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya matse ta a kan mai wanka har kumfa ta lulluɓe shi, ya yi masa 'yar tausa, ya ɗauraye shi. Akwai tellak da hannunsa yake da nauyi ƙwarai, kuma Turkawa suna da karin magana da ke cewa wanda ya shiga hamam sai ya yi gumi, suna nufin duk wanda ya sa kansa wata harka sai ya jure wahalarta.

Zafin yana fitowa ne daga wani murhu a bayan gini, kulhan, wanda yake dafa ruwa, hucinsa kuma yana bi ta wani rami a ƙarƙashin daɓe da suka laƙaba wa suna jehennemlik, wato wurin jahannama. Irin itacen da ruwan da wannan tsari yake ci ne ya sa aka hana gina manyan hamam a Istanbul a 1768.

Maza da mata ba sa haɗuwa a hamam na gargajiya. Manyan gidaje tagwaye ne, kowane jinsi da ɓangarensa, ƙofar mata ma takan fuskanci wani lungu dabam. Ƙananan kuwa raba lokaci suke yi, ko ta kwanaki ko ta sa'o'i, shi ya sa baƙo yake bukatar ya karanta allon bakin ƙofa kafin ya kutsa kai. Namiji ba ya kwance peshtemal ɗinsa a gaban mutane daga shiga har fita, domin rufe al'aura doka ce ta wurin. A wajen mata hamam ya kasance dandalin zumunci tun da, inda ake kai amarya wanka kafin biki, ake kuma kai mai jego idan ta cika kwana arba'in.

Dangantakar hamam da doguwar tafiya ta girmi yawon buɗe ido da ƙarnoni. A ƙarni na 13 Turkawan Saljuk sun jera zangon fatake a hanyoyin Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, tsakanin kowane biyu kimanin kilomita 30 zuwa 40, gwargwadon tafiyar raƙumi ta yini ɗaya, kuma a manyansu, irin su Sultanhani da aka gina a 1229 a kan hanyar Konya zuwa Aksaray, akwai masallaci da hamam a ciki, matafiyi kuma yana da kwana uku kyauta. Ƙurar hanya ba ta sauya ba ko da abin hawa ya sauya. Matasan Turawa da suka riƙa bi ta Istanbul da Erzurum zuwa Iran da Afganistan da Indiya a shekarun 1960 da 1970, kafin juyin juya halin Iran da mamayar da Tarayyar Sobiyat ta yi wa Afganistan a 1979 su toshe hanyar, a ƙananan masaukai marasa ruwan zafi suke kwana, kuma hamam na unguwa ne yake fid da su. Haka yake a yau ga mai tafiya a babur ko keke yana kwana a tanti, ko wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Ankara zuwa Kars bayan tafiyar fiye da sa'o'i 24 cikin sanyin gabashin ƙasar, gaɓoɓinsa duk sun sandare.

A ganina wanda yake son ya fahimci ma'anar kalmar sosai ba a shahararrun gidajen Istanbul zai same ta ba, duk da kyawun gininsu, domin yawancinsu sun koma na baƙi, da tsada da ƙayyadadden lokaci, har akwai masu karɓar miji da mata tare, abin da al'adar ba ta san shi ba. Tun da gidaje suka samu ruwan famfo da ban ɗaki nasu, hamam da yawa sun rufe, wasu sun zama gidajen tarihi ko shaguna, amma a garuruwa irin su Safranbolu da Sivas da Erzurum har yanzu ana samun waɗanda 'yan gari suke zuwa. Ya kamata kuma a bambanta hamam da kaplija, wadda ake ginawa a kan maɓuɓɓugar ruwan zafi ta ƙasa kamar a Bursa, ita kam tana da tafki a tsakiya. A hamam na unguwa kuɗin shiga daban ne, na kese da kumfa daban, tukuicin tellak kuma ana miƙa shi ne a jamekan bayan an naɗe mutum da busassun tawul, an kawo masa shayi ko ayran, wato nono mai ɗan gishiri, mai wurin kuma ya ce masa "sihhatler olsun", ma'ana Allah ya sa lafiya ce.