Al'adun Banɗaki a Ƙasashen Duniya da Yadda Baƙo ke Sabawa da Su

Al'adun banɗaki su ne hanyoyin da kowace al'umma ta saba da su wajen kewayawa da tsarki da wanka: irin makewayin da take ginawa, abin da take tsabtace jiki da shi, da ƙa'idojin da ba a rubuta su ba amma kowa ya san da su. Wanda karatu ko aiki ya kai wata ƙasa yakan ci karo da su tun ranar da ya sauka, kuma su ne abin da ya fi jin nauyin tambaya. Tsakanin baƙo da ɗan gari, kowa gani yake yi shi ne mai tsabta, alhali wani sashe na bambancin daga tsarin gini da bututun ruwa ya samo asali.

Ruwa ko takarda

Nan ne duniya ta rabu gida biyu. A Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya da ruwa ake tsarki, kuma galibi da hannun hagu. A Indiya da Pakistan akwai 'yar buta da ake kira lota. Mutanen Filifin suna da tabo, na Indonesiya suna da gayung, dukansu moɗa ce mai mariƙi. A Tailan da ƙasashen Larabawa da dama, ɗan tiyo mai feshi ne ake ratayewa a gefen masai, Turkawa kuwa a cikin kwanon masan suke saka ɗan bakin famfo daga baya.

A Amurka da Ingila da Jamus takarda ce. Sinawa sun riga kowa amfani da ita, tun ƙarni na 6, amma sai a 1857 Joseph Gayetty ya fara sayar da wadda aka yi musamman don haka a Amurka. Ba duk Turai ce ta tsaya ga takarda ba: a Italiya dokar gine-gine ta 1975 ta wajabta saka kwanon tsarki a banɗakin gida, a Finlan kuma ba a cika rasa ɗan tiyo kusa da masai ba.

Wanda ya saba da ruwa ba ya jin ya tsarkaka da takarda kaɗai, balle Musulmin da salla ke jiransa. Don haka wasu kan ajiye buta a gida, su riƙe gorar roba a jaka saboda wurin aiki. Wasu kan haɗa tiyo da bututun masai, amma a gidan haya sai da izinin mai gida. Dabarar da ba ta da kyau ita ce jefa jiƙaƙƙen tsumman goge jiki a masai, domin ba ya narkewa. A 2017 an tono wani curi na irin wannan tsumma da daskararren mai a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, nauyinsa kusan tan 130, tsawonsa mita 250.

Jiƙaƙƙen daɓe da busasshe

Wannan ya fi batun takarda jawo saɓani tsakanin baƙo da masu masauki. A ƙasashe masu zafi banɗaki wurin ruwa ne: an yi masa daɓe mai gangara da rariya, a kwara ruwa yadda aka ga dama. A tsofaffin gidajen Ingila da Amurka ƙasan katako ne, ba rariya, wani lokaci har da darduma a shimfiɗe. Baƙon da ya cika bokiti ya tsaya tsakiyar ɗakin ya watsa ruwa, ba zai gama sa tufafi ba maƙwabcin ƙasa zai ƙwanƙwasa ƙofa, ruwa na ɗiga masa ta rufi. A irin wannan gida cikin kwamin wanka ake tsayawa, a sa gindin labulen da ke kare kwamin ta ciki don ruwa ya gangara kwami, a goge abin da ya fantsama kafin a fita. Mai alwala ma ya kula: ɗaga ƙafa a saka a kwanon wanke hannu na ofis ya sha jawo ƙorafi.

Ingila tana da nata abin mamaki, famfo biyu a kwano ɗaya, wannan ruwan zafi zau, wancan sanyi ƙarara, ga fitilar da igiya ake ja a kunna ta.

Tsuguno ko zama

Masan tsuguno na nan da yawa a Sin da Indiya da Turkiyya. Wanda ya tashi kan na zama yakan rasa yadda zai dasa diddige a ƙasa, ya yi ta tangaɗi. Wanda ya tashi kan tsuguno kuma yakan ƙyamaci zama inda wani ya zauna, ya hau kan kwanon da ƙafa. Haɗari ne, domin tangaran idan ya fashe yanka yake yi, shi ya sa ake manna hoton hani a wasu filayen jirgin sama da jami'o'i.

Ina takardar za ta? A Girka da sassa da yawa na Kudancin Amurka kwandon shara ake jefa ta, saboda bututun siriri ne, nan da nan ya toshe. A Jamus ko Amurka kuwa yin hakan ƙazanta ce. A makewayin jama'a na Sin sau da yawa mutum shi ke zuwa da takardarsa, a tashoshin manyan hanyoyin Jamus biya ake yi a shiga, a Singafo kuma tara ake cin wanda bai kora ruwa ba.

Japan ta fita daban. Tun 1980 kamfanin Toto ya fitar da Washlet, murfin masai mai fesa ruwan ɗumi, mai maɓallai birjik. Wanka kuwa a wajen kwami ake yin sa, a cuɗa a ɗauraye tas sannan a shiga a jiƙa jiki, domin ruwan nan ɗaya duk 'yan gida za su shiga bi da bi. Makewayi yana da nasa silifas da ake sakawa a bakin ƙofa, kuma kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne mantawa su fito da shi a ƙafa har falo.